MASU RAINON 'YA'YAN JAMA'A SU MA IYAYE NE

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi domin ma'aikatan makarantun ƙananan yara da gidajen raino, da masu waɗannan makarantu, da iyayen da ke kai 'ya'yansu can, da kuma mazajen ma'aikatan. Nufinsa shi ne ya bayyana yadda za a haɗa rainon 'ya'yan jama'a da rainon 'ya'yan kai ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, da kuma abin da dokokin ƙasar nan suka tanada game da haka.

A manyan garuruwan Nijeriya, daga Agege a birnin Ikko zuwa Sabon Badun, daga Abuja zuwa Fatakwal, da wuya a sami unguwar da ba ta da makarantar nazare ko gidan raino. Uwa mai zuwa ofis ko kasuwa takan miƙa ɗanta da sassafe, ta tafi hankalinta kwance. Wadda ta karɓi yaron nan kusan kullum mace ce, kuma sau da yawa ita ma ta baro nata a gida, ko tana goyo, ko tana da ciki. Ba a cika tunawa da wannan ba. Alhali kuwa irin kulawar da yaro zai samu a aji ta rataya ne a kan halin da mai kula da shi take ciki. Macen da zuciyarta ke kan jaririn da ta baro yana kuka ba za ta iya sa ido sosai a kan yara ashirin ba, komai kirkinta. Saboda haka gyara zaman ma'aikaciya gyara tarbiyyar yara ne.

Asalin Waɗannan Makarantu

A da raino aikin gida ne. Gida babba ne, ga kaka, ga goggo da inna, ga 'yan mata masu goyon ƙanne. Da aikin albashi da kasuwanci suka ja mutane zuwa birane, sai miji da mata suka sami kansu a ɗakin haya, nesa da dangi. Daga nan bukatar wurin ajiye yara ta taso.

Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fitar a 1977, ta amince da ilmin share fagen firamare, amma ta bar kafa makarantun galibi ga masu zaman kansu, gwamnati kuwa ta riƙe tsara ƙa'idoji da sa ido. Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilmin tushe, aka kuma shiga buɗe musu azuzuwa a cikin makarantun firamare na gwamnati. Bugun manufar na 2013 ya raba abin gida biyu: raino da nazare ga yara daga haihuwa zuwa shekara 4, sa'an nan shekara guda ta share fage ga ɗan shekara 5 kafin ya shiga aji ɗaya.

Wannan tarihi ya sa ma'aikatan suka kasu kashi biyu. Akwai na gwamnati, waɗanda yawancinsu ke ƙarƙashin hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiharsu. Akwai kuma na makarantu masu zaman kansu, waɗanda mai makaranta ke ɗauka, shi ke biyansu. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin kowane kashi da dokar da ke binsa.

Nauyin Aikin

Wasu suna ɗaukar aikin nazare wasa da yara ne kawai. Wannan kuskure ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a waɗannan shekaru na farko ne yaro ke koyon magana, da tsabta, da zama da mutane. Malama ita ke koya masa, ita ke ba shi abinci, ta kai shi bayan gida, ta rarrashe shi, ta kuma gane in jikinsa ya yi zafi. Shi ya sa Manufar Ilmi ta sa takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kuma tun 1993 aka kafa hukumar yi wa malamai rajista. Ban da malamai akwai masu raino, da masu shara, da masu dafa abinci, da mai gadi da direba, kowa da nasa rabo.

Bugun manufar na 2013 ya ƙayyade mai raino ɗaya ga jarirai 10 a gidan raino, malama ɗaya ga yara 25 a nazare. Duk uwar da ta taɓa wuni da yara uku a ɗaki ta san ko wannan adadi ba ƙaramin kaya ba ne.

Akwai abu guda da ya raba wannan aiki da sauran ayyuka. Akawu yana iya rufe fayil ya fita na minti goma, ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Mai shago yana iya ja ƙofa ya je ya dawo. Malamar nazare ba ta da wannan dama, gama minti ɗaya ya isa yaro ya haɗiyi kwabo, ko ya faɗa bokitin ruwa, ko ya fice ƙofa. In ta fita, tilas wani babba ya tsaya a madadinta. In kuwa babu, sai a haɗa ajinta da na maƙwabciyarta, mace ɗaya ta riƙe yara 50. Wannan shi ne tushen wahalar da ma'aikatan ke sha game da 'ya'yansu, watau duk wata bukata ta uwa, ko awon ciki, ko shayarwa, ko kai yaro rigakafi, sai an sami mai riƙe aji kafin ta biya ta.

Har wa yau, lokacin aikinta ya fi na iyayen yara tsawo. Dole ta riga su isowa, domin sai sun ajiye 'ya'yansu za su wuce wurin aiki, kuma ba za ta tashi ba sai an ɗauki yaro na ƙarshe. A gari mai cunkoson motoci kamar Ikko, wannan yana nufin ta fita da duhun asuba ta koma da magariba. 'Ya'yanta su ne na farko da ake bari, su ne na ƙarshe da ake komawa gare su.

Lokacin Ciki

Ciki ba cuta ba ne, kuma mai ciki tana iya ci gaba da aikinta in likita bai hana ba. Amma aikin ƙananan yara yana da wasu haɗura da ya kamata a sani.

Na farko, cututtukan yara. Ƙyanda da ƙarambau suna yaɗuwa da sauri a inda yara suka taru, kuma suna iya yi wa mai ciki tsanani. Akwai wata irin ƙyanda mai sauƙi da likitoci ke kira rubela, wadda ba ta wahalar da yaro ƙwarai, amma in ta kama mace a farkon ciki tana iya lalata ido ko kunne ko zuciyar ɗan da ke cikin. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ake kira CMV, wadda kan kasance a yawu da fitsarin ƙananan yara ba tare da wata alama ba, ita ma tana iya taɓa jin jaririn da ba a haifa ba. Rigakafi ya fi magani. Mai ciki ta riƙa wanke hannu da sabulu bayan ta canza wa yaro tsumma ko ta share masa hanci, kada ta ci ragowar abincinsa ko ta sha da kofinsa. In aka ga ƙuraje sun fito wa wani yaro a aji, ta faɗa wa shugabar makaranta, ta kuma je asibiti ba da jinkiri ba.

Na biyu, ɗaukar nauyi. Ɗaga yara da sunkuyawa wuni guda suna kawo ciwon baya. Idan ciki ya tsufa, ya kamata a mai da ma'aikaciya ajin yara masu ɗan wayo, waɗanda ba a ɗauka, a kuma ba ta kujerar manya.

Na uku, awon ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sadu da ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Yawancin asibitoci da safe suke awo, lokacin da aji ya fi bukatar malama. Maganin wannan shi ne ta nuna wa shugabar makaranta katin asibiti da wuri, a rubuta ranakun, a shirya mai riƙe aji. Ɓoye ciki don tsoron kora yakan sa mace ta rasa awo, kuma nan ne haɗari yake.

Abin da Doka Ta Ce Game da Hutun Haihuwa

Dokar Ƙwadago, wadda aka fara kafawa a 1974, ta yi magana a sashe na 54 kan mace mai aiki a masana'anta ko wurin kasuwanci ko gona. Ga abin da ta tanada:

1. Mace tana da ikon barin aiki in ta kawo takardar likita mai nuna cewa haihuwarta za ta zo cikin mako 6.

2. Ba a yarda a sa ta aiki ba cikin mako 6 da suka biyo bayan haihuwa. Wannan ya yi daidai da kwana arba'in na jego da aka saba da su.

3. In ta yi wata 6 ko fiye a jere tana aiki a wurin kafin ta tafi hutu, za a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba.

4. In ta koma aiki tana shayarwa, za a ba ta rabin awa sau biyu a rana, cikin lokacin aiki, domin ta shayar.

5. Ba a yarda a ba ta takardar sallama ba tana cikin wannan hutu, ko tana kwance da ciwon da likita ya tabbatar ciki ko haihuwa ne suka kawo shi.

Wannan shi ne mafi ƙaranci, watau mako 12. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta ta shekarar 2000, ta sa mako 14 a matsayin mafi ƙaranci. Gwamnatoci a nan gida sun wuce haka ga ma'aikatansu. Dokokin Aikin Gwamnatin Tarayya na 2008 suka kai hutun mako 16 da cikakken albashi, suka kuma ba mai shayarwa awa 2 kowace rana har tsawon wata 6 bayan ta koma aiki. Jihar Legas ta ba ma'aikatanta mata hutun wata 6 a 2014, Jihar Kaduna ta yi haka a 2019. A 2021 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikaci namiji da matarsa ta haihu. Dokokin aikin gwamnati akan sabunta su lokaci lokaci, kuma kowace jiha da nata, saboda haka ma'aikaciyar gwamnati ta tambayi sashen kula da ma'aikata na hukumarta tun kafin ciki ya tsufa.

Akwai wani abu da ya kamata ma'aikatan makarantu masu zaman kansu su lura da shi. Dokar Ƙwadago ta fi nufin masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ta kuma ware masu aikin shugabanci da na ƙwarewa. Mai raino da mai shara da mai dafa abinci sun fi kusa da inuwarta. Malama mai takardar koyarwa kuwa ana iya yi mata gardama a ce dokar ba ta shafe ta ba. Hanyar kashe wannan gardama ɗaya ce, ita ce a rubuta kome tun ranar ɗaukar aiki.

Takardar Sharuɗɗan Aiki

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takardar sharuɗɗan aiki kafin wata 3 su wuce da fara aikin. Ƙananan makarantu da yawa da baki suke ɗaukar ma'aikata. Ana zaune lafiya har ranar da ciki ya bayyana, sa'an nan kowa ya tuna maganar yadda ta yi masa daɗi. Abin da aka rubuta kuwa, aka sa hannu, kotu tana iya tilasta cika shi, ko ma'aikaciya malama ce ko mai raino. Takardar ta ƙunshi waɗannan:

(a) irin aikin, da lokacin zuwa da na tashi;
(b) albashi da ranar biya, da ko ana biya lokacin hutun makaranta;
(c) tsawon hutun haihuwa da abin da za a biya a cikinsa;
(d) lokacin shayarwa, da ko an yarda ta zo da jariri;
(e) hutun ciwo, da abin da za a yi in ɗanta ne ba shi da lafiya;
(f) tsawon sanarwar da kowane ɓangare zai bayar kafin a rabu.

Game da albashi, a 2024 aka kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ₦70,000 a wata, daga ₦30,000 na 2019. Sai dai dokar ba ta tilasta wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma gidajen raino da yawa ba su kai wannan adadi ba. Haka nan Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta tarin fansho a wurin aiki mai zaman kansa da ke da ma'aikata 15 ko fiye, mai aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Inda doka ba ta tilasta ba, adalci bai faɗi ba. Macen da albashinta bai isa ta biya wa ɗanta kuɗin raino ba, dole ta bar shi inda bai kamata ba, ko ta bar aikin.

Shayarwa Bayan Komawa Aiki

Ma'aikatan lafiya sun haɗu a kan cewa nonon uwa zalla, ba ruwa ba koko, shi ya fi dacewa da jariri har ya cika wata 6, sa'an nan a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara 2. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran da ba su kai wata 6 ba ke samun nono zalla. Macen da ta koma aiki jaririnta yana da mako 6 tana da sauran wata huɗu da rabi kafin ta cika wannan ƙa'ida, kuma a nan ne mata da yawa ke karaya.

Ma'aikatan gidajen raino suna da wata dama da sauran ma'aikata ba su da ita, domin wurin aikinsu an gina shi ne don yara. Inda makaranta ke da ɗakin jarirai, mafi sauƙi shi ne a karɓi ɗan ma'aikaciya a can, a ƙidaya shi cikin jarirai 10 na mai raino, uwar ta zo ta shayar a lokutan da aka tsara, wata ta riƙe mata aji. Abin da bai dace ba shi ne ta goya shi tana koyarwa wuni guda, ko ta shimfiɗe shi a gefen aji cikin yara masu guje-guje da tari.

Inda hakan bai yiwu ba, uwa tana iya tatse nono da hannu mai tsabta a cikin kofi mai murfi ta bar wa mai kula da jaririn. Nonon da aka tatsa yakan yi awa 4 a inuwa wurin da ba zafi, a cikin firji kuwa yakan yi har kwana 4. A ba jariri da ƙaramin kofi ko cokali, gama bulunboti yana da wuyar wankewa, yakan kuma jawo gudawa. Ita ma uwar tana bukatar wuri mai sutura a makaranta inda za ta tatsa, domin in nono ya daɗe ba a taɓa shi ba yakan yi ciwo, ya kuma ragu.

Gargaɗi biyu. Kada a ba jariri maganin tari ko na barci domin ya yi shiru uwa ta sami yin aiki, wannan yana iya kashe shi. Kada kuma a cire yarinya daga makaranta domin ta zauna da ƙaninta. Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa kowane yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare. Ba daidai ba ne uwa ta wuni tana koyar da 'ya'yan wasu, 'yarta tana gida da goyo.

Ɗan Malama a Makarantar Uwarsa

Idan yaro ya isa shiga nazare, ma'aikata da yawa sun fi son ya kasance a inda suke aiki. Makarantu da dama sukan rage musu kuɗin makaranta, kuma wannan al'ada ce mai kyau, sai dai a rubuta ta. Inda azuzuwa suka fi ɗaya, ya fi kyau kada a sa yaro a ajin uwarsa. Ƙaramin yaro ba ya gane dalilin da zai sa uwarsa ta ɗauki wani ta bar shi. Ita kuma in ta kula shi a ce ta yi son kai, in ta ƙyale shi don gudun magana ta cuce shi. In aji ɗaya ne tak, to, abokiyar aikinta ta riƙa ɗaukar lamarin yaron, musamman wajen raba faɗa.

Ƙa'idar ciwo kuwa ɗaya ce ga kowa. Yaro mai ƙyanda ko ƙarambau ko gudawa ya zauna gida, ko ɗan wa ne. Kwana 12 na hutun ciwo a shekara da Dokar Ƙwadago ta tanada na ciwon ma'aikaci ne da kansa, ban da na ɗansa. In makaranta ba ta ware wa uwa 'yan kwanaki na jinya ba, za ta zo da yaron aji a ɓoye, cutar ta bi sauran yara.

Abin da Ke Kan Mai Makaranta

Masu makarantu sukan ce kuɗin shiga kaɗan ne, ba za su iya biyan mai hutu da mai riƙon ƙwarya a lokaci guda ba. Kukan yana da tushe, amma a yi lissafi. Rabin albashi na mako 12 ya kama kamar albashin wata ɗaya da rabi. Wannan shi ne ƙarin da makaranta za ta ɗauka, tun da albashin kujerar da ma ana biyansa. In aka raba shi a kan wata 12, kashi ɗaya cikin takwas ne na albashin wata. Mai makarantar da ke ajiye wannan duk wata, kamar mai zubin adashe, haihuwa ba za ta zo masa ba shiri ba.

A auna wannan da hasarar sallamar ƙwararriya. Ƙananan yara sukan shaƙu da mai kula da su, kuma yawan canza fuska yana tayar musu da hankali. Sabuwar ma'aikaciya sai ta ɗauki lokaci kafin ta san wane yaro ne ba ya cin gyaɗa, wane ne ke da asma, wa ya kamata ya zo ɗaukar wane. Iyaye ma suna lura da makarantar da malamanta ba sa daɗewa.

Saboda haka ana shawartar mai makaranta ya ajiye ma'aikaciya guda wadda ba ta da aji nata, mai zagayawa tana riƙe wa wadda ta fita. Ya tsara zuwa da tashi bi da bi, wadda ta buɗe ƙofa yau kada ita ce za ta rufe. Doka ta ce wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye a rana a ba shi hutun da bai gaza awa ɗaya ba a jimlace, kuma cin abinci a tsaye ana tsaron yara ba hutu ba ne. Kada kuma a sa wa mace sharaɗin cewa ba za ta yi aure ko ciki ba kafin a ɗauke ta.

Abin da Ke Kan Iyayen Yara

Iyaye suna da hannu babba a wannan al'amari, ko da ba su sani ba. Wanda ya makara awa guda wajen ɗaukar ɗansa ya tsare wata uwa awa guda, ita kuma nata suna can suna jira a ƙofar gida. Wanda ya jinkirta kuɗin makaranta ya jinkirta albashin mai raino. Wanda ya ba yaro maganin zazzaɓi da safe ya kawo shi kamar lafiyarsa lau, ya sa mai ciki da sauran yara cikin haɗari. Kiran malama a waya da dare, in ba larura ba, cin lokacin 'ya'yanta ne. In malamar aji ta tafi haihuwa, iyaye su yi haƙuri da mai riƙo, su kuma yi amfani da ƙungiyar iyaye da malamai su tambayi makaranta irin tanadin da ta yi wa ma'aikatanta. Ɗa na kowa ne, har da ɗan malama.

Abin da Ke Kan Maigida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar da ta wuni cikin hayaniyar yara takan koma gida a gajiye, murya ta dushe, ga girki da wanki suna jira. Sau da yawa haƙurin da ta ƙarar a aji 'ya'yanta ne ke rasa shi. Maigidan da ya ɗauki nauyin kai manyan yara makaranta, ko ya kai jariri rigakafin mako 6 da na 10 da na 14 ranar da matarsa ba ta sami mai riƙe aji ba, ya taimaki gidansa ne. Ma'aikaci namiji da ke da hutun haihuwa ya karɓa, ya yi shi a gida. Masu makarantu kuma su tuna cewa malamai maza da direba da mai gadi su ma ubanni ne, su ba su 'yan kwanaki daga haihuwa zuwa suna.

Inda Za a Kai Kuka

In saɓani ya taso, a fara da magana da shugabar makaranta, a natse, da takarda a hannu. Ma'aikaciya ta adana takardar ɗaukar aiki, da shaidar biyan albashi, da takardar likita. In ba a daidaita ba, ma'aikatan gwamnati su bi ta hukumarsu da ƙungiyar malamai. Na makarantu masu zaman kansu su je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsu, inda jami'an ƙwadago kan kira ɓangarorin biyu domin sulhu. In sulhu ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita ke sauraron ƙararrakin aiki. Abin da ya shafi cunkoson yara a aji ko rashin tsabta kuwa, Ma'aikatar Ilmi ta jiha ake kai wa, domin ita ke ba makarantu izni, ita ke duba su.

Abubuwan Tunawa

Ma'aikaciya ta nemi takardar sharuɗɗan aiki tun da fari, ta faɗi cikinta da wuri, kada ta fasa awo. Mai makaranta ya yi tanadin hutun haihuwa kafin ya zo, ya kuma ajiye mai riƙe aji. Iyaye su zo ɗaukar yara kan lokaci, su biya kan lokaci, su bar mara lafiya a gida. Maigida ya ɗauki nasa rabon.

Jama'a ta ba waɗannan mata amanar abin da ta fi so a duniya. Haƙƙinsu ne a kanta a ba su damar riƙe tasu amanar. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya miƙa wa wani, ya kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.